Jagoran da Za a Goge

A garinmu in ka ce kana neman Dinko mai gyaran rediyo, za a tsaya tunani. Amma in ka ce Ƙyaure, ko makaho zai nuna maka gidan: na uku daga bakin tashar jirgin fito, mai itacen ɓaure a ƙofa. Fada Lovre, limamin cocinmu, shi ne ya laƙaba masa sunan, ba tare da ya yi niyya ba. Dinko yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka sa shi cikin mawaƙan coci. Ana cikin gwaji Fada ya ɗaga hannu, ya waiga baya, ya ce, "Wa ya bar ƙyaure a buɗe yana ƙara haka?" Da aka gano daga inda ƙarar take fitowa, sai ya dafa kan yaron ya ce, "Ɗana, kai ka riƙa motsa baki kawai. Allah yana ji." Yaron ya bi umarnin nan shekara arba'in da ɗaya.

Abin haushin shi ne, Allah da ya hana shi murya ya ba shi kunne irin wanda ba a taɓa yi ba a tsibirin nan. Rediyo in ta fara ciwo, tun daga bakin ƙofa yake faɗin abin da ke damunta. Da wannan kunnen ya ci abinci, ya auri Perina, ya aurar da 'ya'ya biyu. Da shi kuma ya zama jelar klapar garinmu, wato mazan nan huɗu da ke haɗa kai wuri ɗaya su yi waƙa ba ganga ba garaya. Roko ne ke jan waƙa da muryar sama. Vicko da ƙanensa Nedo suna tsakiya. Can ƙasa kuma barba Bepo, wato baba Bepo, mai gyaran koma, wanda in ya buɗe baki kofuna kan yi rawa a kan tebur. Duk biki, duk jana'iza, Dinko ne ke ɗaura lasifika ya riƙe makirfo a wajen da'irar, taku ɗaya daga kafaɗar Bepo, laɓɓansa suna motsi ba sauti. Ba wanda ya taɓa cewa ya matso, shi ma bai taɓa tambaya ba.

To, gari ya watse kamar yadda garuruwan tsibiri suka watse. Roko ya zama kuku a jirgin dakon kaya, sai watan Oktoba ake ganinsa. 'Yan'uwan biyu suka tafi masana'anta a Jamus, sai Agusta. Shekara uku cur klapar ba ta cika huɗu ba.

Vicko ne ya kawo wata na'urar ɗaukar murya a Agustan 1985, ya tsinto ta a kasuwar 'yan gwangwan can Jamus, matacciya. Ya ajiye a kan teburin Dinko ya ce, "Ga wasa na kawo maka, in ta ƙi tashi ka riƙa danne takarda da ita." Dinko ya kwashe lokacin sanyi duka a kanta. Ranar da ta tashi, bai iya cin abinci ba. Ya fita wurin da maza ke zaman karta, ya zaro kaset daga aljihu, ya shiga yi musu darasin da ba su roƙa ba.

"Kun ga zaren nan? Layi huɗu ne a jikinsa. Rikodarku ta gida tana bin biyu in za ta tafi, in kun juya kaset ta bi biyu ta dawo. Tawa kuwa duka huɗun take bi gaba ɗaya, hanya ɗaya, ba juyi. Sai in ɗauki mutum yau a layi na ɗaya, in ɗauki wani gobe a na biyu yana jin na farkon a kunnensa. In na kunna, ka rantse tare suka yi."

Wani tsoho ya jefa katinsa ya ce, "To Ƙyaure, me za ka yi da layi huɗu, kai da ba ka da murya ko ɗaya?"

Aka kwashe da dariya. Dinko ma ya yi, don ya saba, ya mayar da kaset ɗinsa aljihu. Abin da ya samu ya ɗauka a watannin nan shi ne ƙararrawar coci, da kukan akuyar maƙwabta, da butar shayi tana tafasa, da Perina tana faɗa. Ya haɗa su huɗun, ya ce waƙa ce. Wata rana Perina ta ɗauki kaset ɗin ta sa a rediyon kicin, ta juya shi kamar yadda kowa ke yi, sai ta ji muryarta tana fitowa da baya-baya kamar ta aljanu. Ta yi alamar gicciye sau uku, ta ce ya fitar mata da wannan abu daga gida. Bai fitar ba.

A watan Mayu barba Bepo ya shigo shagon da rana tsaka, ba rediyo a hannunsa. Ya zauna a kan akwatin kayan aiki.

"Na je asibitin birni, can Split," in ji shi. "Sun leƙa maƙogwarona. Nan da kwana goma za su cire shi."

"Su cire me, barba?"

"Inda muryar take. In ba su cire ba, ni za a cire." Ya yi ɗan murmushi. "Da yamma ta fara dishewa, amma da safe tana nan daram. Ina son in bar Iska Ta Juya. Ba ni kaɗai ba, da su. To ga shi ɗaya yana tsakiyar teku yana soya albasa, biyu suna ɗaure ƙusa wa Jamusawa."

Iska Ta Juya waƙarsu ce ta kansu, mahaifin Roko ya tsara ta, baiti shida, kiran masunta ne ga uwa cewa ta ɗora tukunya, suna hanya. Da ita suke rufe kowane taro. Dinko ya ji baƙin ciki da murna a cakuɗe, har ya ji kunyar murnar. Ya yaye ƙyallen da ya rufe na'urar da shi.

"Barba, layi na huɗu naka ne. Ka shiga ka zauna, sauran su same ka a can."

Suka gwada washegari da sassafe. Dinko ya rataya barguna a bangon ɗakin baya, ya cire wayar firji, ya tsayar da agogon bango, ya sa Perina ta kai zakara gidan ƙanwarta. Ya tsoma auduga cikin barasar inabi ya goge kan na'urar, inda zaren ke gogawa. Bepo ya ce wannan ɓarna ce, a ba shi ya goge nasa maƙogwaron. Aka fasa sabon kaset, irin mai tsadar nan da Dinko ya ɓoye tun Kirsimeti. Ya danna, ya ɗaga wa Bepo hannu.

Bepo ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, ya yi wani gurnani, ya tsaya. Sau biyar ana haka. Daga ƙarshe ya share goshi ya ce, "Kashe, Dinko. Ni ban taɓa fara waƙa ba a rayuwata. Ni ƙasa ne, taka ni ake yi. In ba wanda ke tafiya a kaina, ban san inda zan kwanta ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma da Dinko ya yi tunani da ya sani. Muryar ƙasa ba ta da hanyar kanta, mai jan waƙa take bi. Ana bukatar jagora, wanda zai ja, ko da na wucin gadi ne, a layi na ɗaya, Bepo ya bi shi, in Roko ya dawo a goge a sa nasa. Suka shiga lissafa mutanen gari. Kowa ya iya amshin, wasu sun iya baiti biyu. Baiti shidan nan kuwa, da inda ake ja da inda ake saki, ba kowa.

Perina tana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ta ce, "Ku daina wahalar da kanku. Ga shi nan zaune."

"Wa?" in ji Dinko.

"Kai mana. Shekara ashirin da bakwai ina kallon bakin nan yana motsi, a biki, a coci, har a kan tukunyar miya. Ko Roko bai kai ka sanin waƙar nan ba."

"Perina, ki ji tsoron Allah."

"Ai cewa kuka yi gogewa za a yi. To mene ne na jin kunya a abin da za a goge?"

Bepo ya kafa wa Dinko ido. Kwana tara suka rage.

Dinko ya kore su duka biyun. Ya kulle ƙofa, ya zauna gaban makirfon da ya riƙe wa mutane shekara talatin, ya ga ashe daga wannan gefen wani abu ne daban, baƙi, mai ido ɗaya. Sau uku yana dannawa yana kashewa. A na huɗu ya rufe ido ya ja. Muryar da ta fito ita ce dai wadda Fada Lovre ya ji, ta ƙara tsufa kawai, siririya, mai ƙuƙi, tana rawa. Numfashi ya riƙa yanke masa a inda bai kamata ba, don bai taɓa sanin waƙa tana cin iska haka ba. Amma bai tsaya ba har ƙarshen baiti na shida. Da ya buɗe ƙofa ya tarar da Perina zaune a kan matakala, ta rufe fuska da tsumman nan. Ya ce mata in dariya take yi ta yi a fili. Ta ce shi dai ya wuce ya ci abinci.

Da safe Bepo ya zo bai yi wa kowa magana ba, don kada ya taɓa muryar. Dinko ya ɗora masa abin ji a kunne, manyan nan biyu masu kama kai, ya ja masa kunne da baki kuma. "Kada ka ɗaga shi, barba, ko kaɗan. In ka ɗaga, abin da kake ji zai zubo ya shiga makirfo, ya ɓata maka layi. Naka nake so tsaf, kai kaɗai." Ya kunna masa jagoran ya ji sau ɗaya. Kafaɗun Bepo suka shiga girgiza, hawaye suka cika masa ido.

"Ƙyaure," ya ce a hankali, "ba a taɓa ɗiga maka mai ba ko?"

"Na ce maka gogewa za a yi."

"Kalma ɗaya ba ka ɓatar ba. Danna mu tafi."

Dinko ya juya masa baya, ya kafa ido a kan allurar da ke auna ƙarfin sauti, hannunsa a kan maɓalli, don muryar Bepo in ta taso takan jefa allura cikin ja, sauti ya fashe. Muryar ta taso. Ta shigo ƙarƙashin ƙuƙin Dinko ta ɗauke shi cak. Inda ya yanke numfashi a tsakiyar kalma, Bepo ya jira shi. Inda ya yi sauri, Bepo ya bi. Akwai kuma abin da Dinko bai lura da shi ba sai yanzu: saboda gajiya, muryarsa ta riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan daga baiti zuwa baiti, ta yadda kafin na shida waƙar ta sauka ƙasa da inda ta fara. Bepo bai yi gardama ba, ya bi shi can. A kalmar ƙarshe ya sauka wani wuri da Dinko ya ji a tafin ƙafarsa kafin ya ji a kunne.

Ya kashe na'urar. Bepo ya cire abin kunnen, yana haki.

"Ka san ka gangara?"

"Na ji, barba. Ka yi haƙuri. Gobe in gyara mu sake."

"Shekara talatin Roko bai taɓa kai ni nan ba. Ban san ina da ɗaki a can ƙasa ba." Ya yi tari mai tsawo. "Bar shi haka."

Ko da ya so a sake, ba a samu dama ba. Washegari muryar ta tashi a dishe, ba ta ƙara washewa ba. Dinko ya saurari aikin sau ɗaya tak, muryoyin biyu tare, don ya tabbata sun hau, daga nan bai ƙara ba, domin duk kunnawa tana cin zaren. Ya manna filasta a kan maɓallin layi na huɗu yadda ko da kuskure yatsa ba zai tura shi ba. Ya naɗe kaset ɗin a zanen gado, ya sa a akwatin Perina, nesa da lasifikokin shago masu maganaɗisu. In ya tuna cewa duk abin da ya rage na muryar barba Bepo a duniya yana kan wani siririn layi da bai kai faɗin tsinken ashana ba, sai abinci ya fita ransa.

Bepo ya dawo daga asibiti a watan Yuni da gyale a wuya, da ɗan littafi da fensir a rataye da zare. Yakan rubuta abin da yake so, yawanci zagi.

A Agusta 'yan'uwan suka iso. Vicko ya fara sa abin kunnen, ya ji baiti na farko, ya faɗo daga kan kujera don dariya. Nedo ya karɓa, shi ma ya riƙe ciki. "Wannan ai ko kifi ya ji zai bar tekun," in ji shi. Sai Bepo ya shigo a kunnensa. Nedo ya daina dariya, ya juya ya fuskanci bargon bango, ya daɗe a haka. Suka yi nasu a kwana biyu, Vicko a layi na biyu, Nedo a na uku, suna numfashi inda Dinko ya yi numfashi, suna gangarawa inda ya gangara, don ba su da wata hanyar. Saura Roko.

Roko mutumin kirki ne, amma mai jan waƙa ne, kuma ban taɓa ganin mai jan waƙar da bai ɗauki kansa ɗan autan Allah ba. Ya sauko daga jirgi a Oktoba da farar riga da agogon zinariya, ya rungume Bepo ya yi kuka, ya zo gidan Dinko da tawagar masu rakiya. Bepo ya zauna a kusurwa. Roko ya sa abin kunnen. Fuskarsa ta fara yamutsewa tun a layin farko.

"Wa ke numfashi a tsakiyar kalma? Kalma ce fa, ba gurasa ba, da za a raba ta biyu." Ya ƙara saurare. "Kuma waƙar nutsewa take yi. Dinko, waƙar mahaifina ce wannan, ka huda mata ciki tana shan ruwa."

"Jagora ne kawai, kume," in ji Dinko, da kiran da aminai ke yi wa juna a garinmu. "Kai za ka hau kai, a goge."

"In hau kan me? In na yi daidai, su uku suna can suna bin karkatacciyar hanyarka. A'a. Abu mai sauƙi ne, a goge duka a fara daga farko yadda ya kamata. In ja, yaran nan su bi, barba ya sake..."

Bai ƙarasa ba. Bepo yana zaune hannuwansa a kan gwiwa, bai ko taɓa fensir ɗinsa ba. Roko ya cire abin kunnen a hankali, ya ajiye, ya fita. Masu rakiya suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Dinko bai bi shi ba. Ya san in Roko ya ƙi, aikin ya tsaya a ƙafa uku, da muryar Ƙyaure a gaba, abin da ba zai iya kunna wa kowa ba. Ya kuma san Roko. Kwana biyu aka yi. A na uku da hantsi Roko ya shigo shagon ba farar riga, ba rakiya, ya tsaya yana taɓa wata tsohuwar rediyo.

"Kunna min in koya," in ji shi.

"Ba zan kunna ba. Zaren ba zai ɗauki koyonka ba. Kuma da zarar na danna maka, nawa ya tafi, ba jagora a kunnenka. Inda kake shiga kai kaɗai kafin su amsa, dole ka san tsawon jirana da ka."

"To yaya za a yi?"

Dinko ya ajiye abin da ke hannunsa, ya jawo kujera. "Zauna. Ni zan nuna maka."

Wannan dai na gani da idona, don na zo karɓar rediyon uwata. Roko, wanda ake tasowa daga wasu tsibirai a ji shi, yana zaune a kan akwati, Ƙyaure yana tsaye a kansa yana rera masa waƙa da baki buɗe, ƙofar shago a wangale. "A'a, kume. Nan ka yanke. Ka ja iska kamar ka hau tudu da buhu. Sake." Roko ya sake. Kwana uku suna wannan, mutane suna wucewa a hankali kamar masu neman abin da ya faɗi. Ba wanda ya yi dariya, sai tsohon nan mai karta, shi ma Perina ta fito ta dube shi ya tuna yana da aiki.

Ranar ɗauka aka sake rataya barguna, aka sake kai zakara baƙunta. Bepo ya zo ya zauna a kusurwarsa. Dinko ya goge kan na'urar, ya duba filastar layi na huɗu sau biyu, ya tura maɓallin layi na ɗaya. Yatsansa ya tsaya a kan madannin. Shi ya faɗa da bakinsa tun farko cewa gogewa za a yi, kuma haka aikin yake, jagora ba ya zama. Amma ya ji zafi, zafi sosai. Sau ɗaya ya ja waƙa a rayuwarsa, klapar garinsu duka ta bi bayansa, ga shi da hannunsa zai share.

"Ka shirya, kume?" in ji shi.

"Na shirya."

Ya danna. Roko ya ja. Ya yanke kalmar a inda Dinko ya yanke ta, ya gangara a inda ya gangara, ya kuma yi shi da kyan da sai ka ce haka mahaifinsa ya tsara. Sau ɗaya aka yi.

Dinko ya mayar da zaren farko, ya daidaita layukan huɗu, ya buɗe lasifika. Klapar garinmu ta cika ɗakin, su huɗu, kafaɗa da kafaɗa, bayan shekara huɗu. Perina ta shigo ta jingina da ƙofa. Roko ya rufe ido. Bepo yana kaɗa kai.

A baiti na shida akwai inda mai ja ke kiran "uwa" shi kaɗai, ya saki, a yi shiru na numfashi ɗaya, sannan muryar ƙasa ta shigo ta rufe. Roko ya kira, ya saki. Cikin shirun nan sai ga wata 'yar siririyar murya can nesa, mai ƙuƙi, tana rawa, ta riƙe kalmar ba ta sake ta ba, har Bepo ya shigo ƙarƙashinta.

Dinko ya tsayar, ya mayar baya, ya rufe layi na ɗaya. Tana nan. Ya rufe na biyu da na uku. Tana nan, manne a cikin layin Bepo, daga farkon baitin har ƙarshensa. Ya gane nan take: abin kunnen ya ɗagu ranar, jagoran ya zubo cikin makirfo, shi kuma yana can ya ba da baya yana gadin allura. Ba kuma yadda za a cire ta sai an cire Bepo.

"Barba," ya ce, "na ɓata maka. Laifina ne, da na waiga na duba. Layinka ɗaya tak a duniya, na bar ƙazanta ta shiga."

Bepo ya jawo littafinsa, ya lashi bakin fensir, ya yi rubutu a hankali. Ya yage takardar ya miƙa masa.

Ni na ɗaga. Da yatsa biyu. Ka cika surutu.

Dinko ya karanta, ya sake karantawa. Roko ya leƙo ta kafaɗarsa, ya karanta, ya yi tsaki, ya share hanci ya ce, "To a mayar baya mana mu ji daga farko, mu biyar ɗin." Dinko ya mayar. 

Ya juye aikin a kaset na gida, ya yi ta kwafa. Kaset-kaset ɗin suka tafi Jamus, suka tafi Ostareliya, suka shiga jiragen ruwa. Bepo ya yi shekara shida bayan nan. A jana'izarsa su ukun suka yi Iska Ta Juya, suka yanke kalmar nan a tsakiya, don yanzu haka ake yin ta a garinmu, kuma matasan da ke yin ta yau sun ɗauka asalinta ke nan. Ni ban gyara musu ba.

Takardar tana cikin kwalin kaset ɗin har Dinko ya tsufa. In baƙo ya shigo shagon, ko batir ya zo saye, sai ya zaunar da shi ya yi masa darasin layi huɗu, ya kunna. In an kusa baiti na shida ya ɗaga yatsa, ya murɗa sautin sama.

"Saurara nan da kyau," yakan ce, ƙirji a gaba, baki har kunne. "Nan ne aikin ya samu aibi. Ka ji shi? Tsaya in mayar maka."